Yadda Ake Tayar da Tsohon Kan Jirgin Ƙasa na Tebur, da Yadda Ake Ƙera Sabo da Hannu

Yawancin tsofaffin ƙananan kawunan jirgin ƙasa da ake cewa sun mutu, ba mutuwa suka yi ba. Mai ne ya bushe a cikinsu, dauɗa ta rufe hanyar wuta, sai suka tsaya. Ɓarnar da ba ta gyaruwa kuwa galibi daga hannun mai gyara take fitowa: ya jona wa abu wutar da ba tasa ba, ya zare maganaɗisu ba dalili, ko ya kankare fentin da ya shekara saba'in lafiya lau don kawai yana son ya ga ƙyalli. Shi ya sa tsarin wannan jagora ya fara daga ƙasa, wato tayu da firam da injin, kafin a zo kan bodi da ado. Ko gyara kake ko ƙira, kan jirgin da ba ya tafiya sumul ba a gama shi ba, komai kyansa.

Ka fara sanin abin da ke hannunka

Kafin sukurudireba, kafin wuta, juya shi ka duba cikinsa. Sunan kamfani yakan kasance a ƙasa, kuma sunan nan shi zai gaya maka irin wutar da yake ci. Märklin na Jamus, wanda aka kafa a Göppingen a 1859, ya fito da ƙananan jiragensa na tebur a 1935, kuma tsofaffinsu wutar AC suke ci, wato mai sauya alkibla irin ta gida, kusan volt 16, suna ɗaukarta daga tsakiyar layi ta wani ɗan takalmin ƙarfe da ke ƙarƙashinsu. Lionel na Amurka, da aka kafa a 1900, shi ma AC ne a kan dogo mai layi uku. Hornby Dublo na Ingila, da kamfanin Meccano na Libaful ya fitar a 1938, DC ne, wato wuta mai alkibla ɗaya irin ta batir, mai volt 12, a layi uku da farko, sai a 1959 aka fara na layi biyu. Tri-ang na Ingila kuwa DC ne a layi biyu.

Wannan ba ilimin tarihi ba ne kawai. Idan ka ba injin DC mai maganaɗisu wutar AC, zai yi ta kurma ihu a wuri ɗaya yana zafi har koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikinsa, ya ƙone. Idan ka ɗora mai layi uku a kan dogo mai layi biyu, wuta za ta haɗe nan take, domin tayunsa na dama da na hagu ba a raba su ba. Tsohuwar tiransifomar da ta zo tare da shi kuma, ajiye ta gefe. Robar wayoyinta ta riga ta bushe, wani lokaci ba a gani daga waje. Akwai ma jiragen shekarun 1920 da aka yi su don su sha wutar gida kai tsaye ta hanyar kwan fitila, irin su ba a jona su yadda aka yi su tun asali, ko da wasa. Samu tiransifoma ta zamani mai yanke wuta da kanta.

Sai girma. Auna tsakanin layukan dogon da tayun suka dace da shi. Milimita 32 na nufin sikelin O. Milimita 16.5 na iya zama HO, wato kashi 1 cikin 87 na jirgin gaske, ko kuma OO na Ingila, kashi 1 cikin 76. Milimita 9 sikelin N ne. Wannan zai yi maka amfani a ranar neman taya ko giya.

Duba jiki, ka yanke shawarar inda za ka tsaya

Abu na farko da ake nema shi ne ciwon tutiya. Yawancin firam da tayun tsofaffin jirage an zuba su ne da wani haɗin ƙarfe da ake kira zamak ko mazak, wanda tutiya ce mafi yawa a cikinsa. Idan dalma ta gurɓata haɗin tun a masana'anta, bayan shekaru ƙarfen yakan kumbura, ya yi tsage-tsage kamar busasshen tabki, daga baya ya marmashe. An fi ganin haka a kayan da aka yi kafin Yaƙin Duniya na Biyu da ɗan bayansa, ko da yake yakan ɓullo a na baya-bayan nan. Ba shi da magani. Gam zai riƙe shi na ɗan lokaci, amma kumburin bai daina ba. Taya ko firam ɗin da ya kamu, canji kawai. Idan bodin ne gaba ɗaya ya kamu, to abin da ka saya kayan gyaran wani jirgin ne.

Na biyu, bodin roba na farkon shekarun 1950, kamar na Tri-ang na farko, an yi su da wata irin roba mai lanƙwashewa da tsufa. Wanda ya gantsare ya gantsare ke nan, zafi ba ya miƙe shi yadda zai zauna.

Idan waɗannan biyu babu, sauran duk mai sauƙi ne. A nan za ka tambayi kanka: so nake ya yi tafiya kawai da tsufansa, ko so nake ya koma sabo? A ganina, duk kan jirgin da mafi yawan fentinsa na asali ke nan, a bar masa kayansa. Masu tarawa sun fi daraja fentin asali mai ƙwarzane a kan sabon fenti, kuma abin da ka kankare ba ya dawowa.

Kwancewa

Ɗauki hoto kafin kowane sukuru, musamman inda wayoyi suka bi da yadda sandunan gefen tayu suka hau kan juna. Yi aiki a cikin faranti mai baki, ka shimfiɗa farin ƙyalle, saboda sifirin ɗin burushi idan ya yi tsalle ya sauka ƙasa, sai dai haƙuri. Sukurudireba ta cika bakin sukuru daidai. Sukurorin nan ba irin na yau ba ne, na Ingila da na Amurka da na Jamus kowanne da irin zarensa, idan ka lalata ɗaya samun madadinsa aiki ne. Wanda ya ƙi juyawa, ɗiga masa ɗan mai ka bar shi ya kwana.

Jiragen gwangwani, wato na sikelin O irin na Hornby da Bing, ba sukuru ke riƙe da su ba, 'yan kunnuwan ƙarfe ne da aka lanƙwasa. Kunnen nan sau biyu ko uku yake jure lanƙwasa kafin ya karye. Kada ka buɗe wanda ba dole ba, wanda ka buɗe kuma ka ɗaga shi iya yadda zai fita kawai.

Injin

A nan aikin yake. Injin tsohon jirgi abu huɗu ne: amecha mai juyawa da koyil a jikinta, kwamiteta wato zoben jan ƙarfe mai tsagi da ke kan sandar amechar, burushin kabon guda biyu da ke gogar zoben, sai maganaɗisu, ko koyil na biyu idan na AC ne.

Cire burushin, ka lura da wanda ke dama da wanda ke hagu, domin kowanne ya riga ya ci daidai da mazauninsa. Jiƙa auduga da sifirit, irin isofurofil, ka goge kwamiteta har jan ƙarfen ya fito. Sannan ka ɗauki tsinke na itace ka sakace tsagin da ke tsakanin ɓangarorin. Baƙin da zai fito garin kabon ne da ya cakuɗe da mai, kuma shi ke haɗa wuta tsakanin ɓangarorin, ya sa injin zafi da hayaƙi da rashin ƙarfi. Sau da yawa wannan sakacen kaɗai ke tayar da jirgin da ya shekara talatin a kwance. Kada ka sa allura ko wuƙa a wurin, kuma ka kiyayi siraran wayoyin da aka liƙa a gindin kowane ɓangare.

Yanzu ɗauko mitar gwajin wuta ka auna juriyar wuta tsakanin kowane ɓangare da na kusa da shi. Idan ɓangarori uku ne, awo uku za ka yi, kuma ya kamata su fito kusan ɗaya. Idan ɗaya ya bambanta sosai, koyil ya tsinke ko ya ƙone, sai naɗi ko canji. Ka kuma auna tsakanin kwamiteta da sandar amecha, nan bai kamata wuta ta wuce ba sam.

Batun maganaɗisu shi ne inda masu sabon hannu suka fi yin asara. Tsofaffin injinan Hornby Dublo da na Tri-ang irin X.04 suna da maganaɗisun alniko, wanda ƙarfinsa ke raguwa nan take da zarar an raba shi da ƙarafan da ke kewaye da shi. A wasu injinan, zare amechar ma kaɗai ya isa ya raunana shi. Alamar rauni ita ce injin ya riƙa shan wuta da yawa, yana zafi, ga shi ba ya jan komai, kuma zafin nan ne ke ƙona koyil a ƙarshe. Saboda haka idan za ka iya wanke injin ba tare da ka tarwatsa shi ba, yi hakan. Idan ya riga ya yi rauni, hanya biyu ce: a sake cusa masa ƙarfi da na'urar da aka yi don haka, yana a haɗe, ko a sa sabon maganaɗisun niyodimiyam. Na biyun ya fi sauƙi, amma wani lokaci ƙarfinsa ya wuce kima, yana sa bushin, wato zoben da sandar amecha ke juyawa a ciki, saurin ci, yana kuma tsince duk wani ɗan ƙarfe da ke kan layi ya kai cikin injin. Ni na fi son a farfaɗo da na asali in da hali.

Na AC suna da ƙarin abu ɗaya, na'urar juya alkibla. A Märklin, ana aika mata bugun wuta mai ƙarfi na ɗan lokaci, kusan volt 24, sai ta juya. Ɗan sifirin ne ke daidaita ta: idan ya saki, jirgin zai riƙa juyawa da kansa in ya yi gudu, idan ya yi tauri kuma sai ya zabura gaba kafin ya juya. Wanke ta, ka gwada, kafin ka taɓa sifirin ɗin.

Tayu da mai

Cire injin daga firam, ko ka ɗaga shi har giya ta rabu, sannan ka tura firam ɗin da yatsa a kan layi. Ya kamata ya gangara ba tare da ya cije a ko'ina ba. Idan yana cijewa a wuri ɗaya a kowane zagaye, duba sandunan gefe ko sun lanƙwashe, sannan ka duba saitin tayu. A jirgin tururi, fil ɗin da sanda ke maƙale a tayar dama yana gaban na hagu da digiri 90, wato rubu'in zagaye. Ba dole ne ya cika 90 cif ba, amma dole ne kowane aksil, wato sandar da ke haɗa tayar dama da ta hagu, ya zama daidai da 'yan'uwansa. Taya ɗaya ta zame a kan aksil ɗinta da digiri biyu ko uku, tafiya ta lalace.

Auna kuma tsakanin bayan taya da bayan taya. A OO da HO na zamani, kusan milimita 14.5 ake so. Tsofaffin Tri-ang suna da leɓen taya mai kauri da zurfi, sukan yi karo da layin zamani mai siriri, musamman a mararraba. Wannan ba lalacewa ba ce, haka aka yi su. Ko ka nemo musu layin zamaninsu, ko ka canza tayu.

Tsohon giris da ya daskare a wanke shi tas da sifirit da tsohon burushin haƙori. Sabon mai kuwa, wanda ba ya cin roba, a bakin allura ake ɗauko shi: ɗigo ɗaya a kowane bushin na injin, ɗaya a kowane mazaunin aksil, ɗan kaɗan a fil ɗin sanduna, giris ɗan mitsitsi a haƙoran giya. Idan kana ganin man da ido daga nesa, ya yi yawa. Kwamiteta da burushi da fuskar taya ba sa son mai ko kaɗan. Man feshi na kwance tsatsa kuma ba na wannan aikin ba ne.

Jiragen da ake yi wa wani da makulli kamar agogo, irin waɗanda Hornby ya fara sayarwa a 1920, wanki da mai kawai suke so galibi. Sai dai sifirin ɗinsu faffaɗan ƙarfe ne mai kaifi da ke naɗe da ƙarfi. Bar shi ya warware gaba ɗaya kafin ka kwance komai, ka sa tabarau da safar hannu.

Bodi

Ruwa mai ɗumi kaɗan, sabulu mara ƙarfi, burushi mai laushi. Fara gwadawa a wurin da ba a gani, domin wasu lambobi da rubuce-rubucen da ke jiki ruwa ma na ɗauke su. Na gwangwani kada a tsoma shi, a goge da ƙyalle mai laima, a busar nan da nan, a shafa kakin gogewa siriri. Zanen da ke jikinsa buga shi aka yi a kan ƙarfen tun yana shimfiɗe, ba wanda zai iya maimaita shi da burushi. In tsatsa ta ci wani gefe, kankare wurin kaɗai. Tsohon fenti na iya ƙunsar dalma, don haka ba a goge shi da samfefa a bushe ana shaƙar ƙurar.

Ƙera sabo: zaɓi da lissafi

Wanda ya tayar da tsofaffi biyu ko uku ya riga ya san yadda firam mai kyau yake a hannu, kuma wannan ne rabin ilimin ƙira. Kada ka fara da ƙaton jirgin fasinja mai sanduna birjik a waje. Fara da ƙaramin mai tayu shida da tankunan ruwa a gefe, wanda ake rubuta tsarin tayunsa 0-6-0, wato babu ƙananan tayu gaba, shida masu ja, babu na baya. Silindarsa a ciki take, ba a gani, tankunan kuma suna ɓoye injin lantarkin.

Misali mai kyau shi ne 3F na kamfanin jirgin LMS na Ingila, wanda ake wa laƙabi da Jinty, an ƙera 422 daga 1924 zuwa 1931. Tayarsa ƙafa 4 da inci 7 ce. Daga aksil na farko zuwa na biyu ƙafa 8, daga na biyu zuwa na uku ƙafa 8 da inci 6. A sikelin OO kowace ƙafa milimita 4 ce, don haka taya ta zama milimita 18.3, tazarar aksil kuma 32 da 34. Haka za ka bi duk awon da ke kan zanen. Nemi zane mai awo a rubuce, ka yarda da lambobin fiye da layukan, saboda takarda na miƙewa wajen bugu. Ka haɗa da hotunan jirgi ɗaya tak mai lamba ɗaya, domin 'yan gida ɗaya ma sukan bambanta bayan shekaru ana gyara.

Akwai shawarar da za ka yanke tun yanzu. Faɗin dogon gaske milimita 1,435 ne, wanda a wannan sikeli ya kama 18.83, amma OO na tafiya a kan 16.5. An yi haka ne tun shekarun da injinan lantarki suka yi wa bodin jiragen Ingila girma a sikelin HO, sai aka ƙara girman bodi aka bar layi. Masu son daidaito sun koma tsarin layin da ake kira EM mai 18.2 ko P4 mai 18.83. Na farko dai ka yi shi a 16.5, ya fi yafiya.

Tayu, injin, giya, da ƙananan kayan zubi kamar bututun hayaƙi da tulluwa, saye ake yi, kuma ba wanda zai ce ba kai ka ƙera ba. Ka saye su kafin ka yanka komai, ka ɗora su a kan zanen ka ga inda za su zauna. Kayan aiki ba su da yawa: zarton maƙeran zinariya mai siririn haƙori, ƙananan magagarai, abin huda na hannu, ma'aunin kauri na baniya, ƙaramin sukwaya, allurar zane, ƙarfen liƙi mai ƙarfin wat 40 zuwa 50, da guntun gilashi mai kauri don gwada daidaito.

Firam: sanduna kafin komai

Sirrin firam shi ne a fara da sandunan haɗin tayu, su ne za su nuna inda ramukan aksil za su zauna. Ɗauki sillayen nikel-silba biyu, ka liƙe su da dalma su zama ɗaya, ka auna 32 da 34, ka dangwala, ka huda da ƙaramin bakin huda. Sannan ka yanko faranti biyu na firam, kaurin kusan rabin milimita zuwa 0.7, su ma ka liƙe su fuska da fuska. Ɗora sandunan a kan layin aksil, ka ɗan liƙe su, ka huda firam ta cikin ramukansu. Ko awonka ya kauce da ɗan kaɗan, kaucewar iri ɗaya ce a sanda da firam, dama da hagu, don haka ba za ta cije ba. Wanda ya auna firam daban, sanda daban, zai sha wahalar da ba ta da dalili.

Buɗe ramukan firam a hankali har su karɓi bushin na aksil, wanda a wannan sikeli kaurinsa kashi ɗaya cikin takwas na inci ne. Zana siffar firam, ka yanka tun suna liƙe. Haƙoran zarto su kalli hannunka, yankan a saukowa yake, kuma ba a dannawa. Za ka karya ruwan zarto da yawa, kowa na karyawa, sayi da dama. Yanka a wajen layi, magagari ya ƙarasa. Daga nan ka ɗumama su rabu, ka goge dalmar.

Wajen haɗa ɓangarorin biyu da 'yan faranti a tsakani, zura dogayen sanduna masu kaurin aksil ta cikin bushin ɗin duka uku. Idan ka hango su daga gaba, su kasance a layi ɗaya, daga sama kuma kowanne ya yi sukwaya da firam. Ɗan ɗiga dalma a gefe ɗaya, sake dubawa, sannan ka liƙe sauran. Faɗin firam ya bar wa tayu wurin motsi: aksil ɗin tsakiya ya samu wasan kusan milimita ɗaya gefe da gefe don kwana, wanda ke ɗauke da giya kuwa kusan babu.

Sa tayu. Ga mai farawa, irin Romford masu aksil mai kai murabba'i sun fi, domin suna saita rubu'in zagayen da kansu, ana kuma iya cirewa a mayar sau da yawa. Ɗora a kan gilashi, duk shida su taɓa. Sa sanduna, tura da yatsa. In ya cije, gano ramin da ke matsewa ka buɗe shi kaɗan, shi kaɗai, ka sake gwadawa. Kada ka bi duk ramuka kana faɗaɗawa, sanda mai sako-sako tafiyar ɗingishi take kawowa. Kada ka wuce wannan mataki sai firam ya gangara da kansa idan ka ɗan karkata gilashin.

Giya da wuta

Ga lissafin da zai nuna maka giyar da ta dace. Tayar milimita 18.3 tana cin kusan 57.5 a zagaye ɗaya. Gudun kilomita 50 a awa, in an rage shi zuwa wannan sikeli, kusan milimita 182 ne a daƙiƙa, wato zagaye 190 a minti. Da giya mai rage gudu sau 40, injin zai juya sau 7,600 a minti, abin da ƙaramin injin volt 12 ke yi ba wahala. Ga jirgin da aikinsa jera taragu a tasha, 40 ko 50 ya fi 30, don tafiyar hankali ita ce abin kallo. Tsakanin giyar sukuru da ta aksil a bar ɗan sarari kamar kaurin siririyar takarda. In ta matse za ta yi gurnani da zafi, in ta saki za ta cinye haƙora.

Don ɗaukar wuta, manna guntun allon lantarki mai fuskar jan ƙarfe a ƙarƙashin firam, ka liƙa siraran wayoyi masu tauri, kaurin milimita 0.3 zuwa 0.45, su taɓa bayan kowace taya. Su taɓa ne kawai, ba su danne ba. Duk tayun da za su iya ɗaukar wuta su ɗauka. Sai ka bar firam ɗin ya yi ta zagaye rabin awa gaba, rabin awa baya, a matsakaicin gudu.

Bodi da liƙi

Tagulla mai kaurin milimita 0.25 zuwa 0.4 ta isa. Fara da dandamalin da komai ke zaune a kai, ka ɗaure shi a kan katako mai faɗi don kada zafi ya murɗe shi. Sai ɗakin direba, tankuna, ma'ajin gawayi, tukunya a ƙarshe. Duk abin da ke da dama da hagu, liƙe biyu ka yanka tare. Tagogi a huda su a gyara tun farantin na da girma, kafin a yanke shi. Kawunan ƙusa kuma daga baya ake dangwalo su da tsinin ƙarfe, kafin lanƙwasa.

Tukunya, in ka samu bututun tagulla mai faɗin da kake so, ka huta. In babu, naɗawa za ka yi. Cire kaurin farantin daga faɗin tukunyar, ka ninka da 3.14: tukunyar milimita 18 da farantin 0.25 na son tsawon 55.7. Gasa farantin har ya yi ja-ja, bar shi ya huce, zai yi laushi. Ɗora shi a kan abu mai ɗan taushi, ka murza sandar ƙarfe a kai gaba da baya har ya naɗe.

Liƙi kuwa, tsabta ce da ruwan liƙi da zafi isasshe. Goge wurin har ya yi ƙyalli, shafa ruwan, ɗauko 'yar dalma a bakin ƙarfe, ka taɓa ka ɗauke da zarar ta gudana. Ƙarfe mara zafi shi ke sa ka daɗe a wuri har haɗin da ke kusa ya saki. Ana amfani da dalma hawa uku: mai narkewa a digiri 188 na Salsiyos don manyan haɗi, mai 145 don ƙananan kaya, mai 70 don kayan zubi na farin ƙarfe, waɗanda ƙarfe mai zafi ke narkarwa cikin ƙiftawar ido. Daga mai zafi ake sauka zuwa mai sanyi. Mai 70 ba ta kama tagulla kai tsaye da kyau, sai an fara shafa wa wurin mai 145. In hannunka bai faɗa ba tukuna, manna kayan zubin da gam mai haɗi biyu, ba laifi ba ne. Ruwan liƙi asid ne, a yi aiki inda iska ke shiga, a wanke aikin bayan kowane zama, a kuma nisanta shi daga tayu da aksil na ƙarfe, in ba haka ba gobe ka tarar da tsatsa. Duk lokacin da ka ƙara wani sashe, ɗora bodin a kan firam ka tura, don ka kama inda taya ko sanda ke taɓa tagulla tun da wuri.

Nauyi da fenti

Cika tankuna da dalma, nauyin ya zauna a tsakiyar tayu. Kada ka manne ƙwayoyin dalma da farin gam na katako a cikin rufaffen wuri, bayan shekaru haɗin na kumbura ya fasa tukunya. Iyakar nauyi kuma ita ce: idan ka riƙe jirgin da yatsa wuta na kunne, tayu su riƙa sulɓi a kan layi. In suka tsaya cik, nauyin ya fi ƙarfin injin, zai ƙone ranar da kaya suka yi masa yawa.

Kankare duk dalmar da ta yi tudu, wanke da sabulu da burushi, ka bar shi ya bushe sarai, daga nan kada yatsa ya sake taɓa shi. Tagulla ba ta riƙe fenti sai an fara fesa mata shimfiɗa mai cin ƙarfe, siririya ƙwarai. Bayan kwana ɗaya ko biyu a fesa launi, hawa biyu ko uku marasa kauri. Lambobi da haruffa na ruwa a kan fenti mai sheƙi suke kwanciya ba tare da farin gefe ba, sai a rufe da banish mai dushi-dushi. Firam a fente shi tayu a cire, a toshe bushin da tsinke. Bayan an mayar da komai, goge fuskar tayu da bayansu da sifirit, sa mai a bakin allura, ka sake yi masa rabin awar nan gaba da baya kafin ka rataya masa tarago.